Me manhaja za ta yi idan ɗaya ɓangaren ya yi shiru?

Umarnin da aka ba kwamfuta guda ɗaya ƙarshensa biyu ne: ko ya gudana, ko ya ƙi. Da zarar aikin ya ratsa na'urori biyu da ke nesa da juna, sai na uku ya kunno kai, wato rashin sani. Ka aika, ba a ce maka e ba, ba a ce maka a'a ba. Duk wahalar ƙirƙirar yaren rubuta manhaja domin tsarin da ke warwatse a kan na'urori da yawa daga wannan shirun take tasowa. Ni a ganina, yaren da bai faɗi abin da shiru ke nufi a cikin dokokinsa ba, da sauran aiki a kansa, komai kyan sauran fasalinsa.

Wanda ya taɓa tsayawa a kantin aika kuɗi nan gefen Kasuwar Dole ya san fuskar abin. Dattijo ya zo amsar jaka hamsin da ɗansa ya turo daga Agadas. Yaron kanti ya shigar da lamba, ya danna, ƴar da'irar nan ta kama juyawa a fuskar na'ura, ta yi ta juyawa, ta tsaya cak.

"Baba, ku ɗan zauna, rezo ya tafi."

"To ɗana, an fitar ne ko ba a fitar ba?"

Yaron ba shi da amsa, kuma ba sakacinsa ba ne. Abu uku ne ke iya kasancewa. Ko dai saƙon bai kai ga uwar garke ba sam, wato babbar kwamfutar kamfanin da ke riƙe da lissafin kuɗin. Ko ya kai, an rubuta cewa an biya, amsar ce ta salwanta a hanyar dawowa. Ko kuma yana nan maƙale a tsakani, zai isa bayan minti biyar. Daga inda yaron yake zaune, ukun nan kamarsu ɗaya. In ya sake dannawa, a hali na farko daidai ya yi, a na biyu da na uku yana iya sa a fitar sau biyu. In ya sallami Baba hannu wofi alhali an riga an rubuta an biya, gobe rigima ce. Leslie Lamport, ɗaya daga cikin manyan wannan fage, ya taɓa bayyana irin wannan tsari a 1987 da cewa shi ne wanda lalacewar wata kwamfuta da ba ka ma san da zamanta ba ke iya hana taka aiki.

Kafin a kai ga yadda yare zai tunkari wannan, sai an fara raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Kowane yaren rubuta manhaja yana da nahawu, wato wace jumla ce ta halatta, ina baka ke buɗewa, ina take rufewa. Yana kuma da ma'ana, wato abin da na'ura za ta aikata in ta ci karo da jumlar. Nahawu an daɗe da shawo kansa. Tun 1960 rahoton yaren ALGOL 60 ya tsara nahawunsa da alamomin da ake jingina wa John Backus da Peter Naur, kuma har yau da irinsu ake aiki. Ma'ana kuwa sai aka bar ta cikin zancen Turanci na yau da kullum, kuma yawancin yarukan da ake ci da su a kasuwa har gobe haka suke. Zance kuwa yana da ƙofofi da yawa. Mutum biyu za su karanta sakin layi ɗaya, kowa ya je ya gina tafintarsa, wato manhajar da ke juya rubutun mai shiri zuwa umarnin na'ura, sai shiri ɗaya ya ba da sakamako biyu, kuma kowa na da ayar da zai kafa hujja da ita.

Maganin da masana suka kawo shi ne a rubuta ma'anar da lissafi. Tony Hoare a 1969 ya nuna yadda za a ce: in kaza gaskiya ne kafin wannan umarni, to kaza zai zama gaskiya bayansa. Dana Scott da Christopher Strachey a Oxford suka bi ta wata hanyar, suna mayar da kowane shiri wani abu na lissafi. Amma hanyar da ta fi karɓuwa wajen masu ƙera yarukan sadarwa ita ce ta Gordon Plotkin, wadda ya shimfiɗa a darussansa na 1981 a Aarhus ta ƙasar Danmak. Ita ba ta da wuyar fahimta. Ana bayyana halin da tsarin yake ciki, sannan a jera ƙa'idojin da ke faɗin taki na gaba. Ga misali da baki, ba da alamomi ba: in asusu na ɗauke da kuɗi k, saƙon "fitar da m" ya iso, kuma m bai wuce k ba, to taki na gaba asusun na ɗauke da k ban da m, saƙon "an fitar" kuma ya kama hanya. Abin da ƙa'idojin suka yarda da shi kaɗai ke iya faruwa. Abin da ba su ambata ba, babu shi.

Yanzu a ƙara ƙa'ida ɗaya ƴar gajeruwa: in saƙo na kan hanya, taki na gaba yana iya ɓacewa. Wannan layi ɗaya shi ne zuciyar maganar. Da an sa shi, duk hujjar da wani zai kafa cewa shirinsa daidai ne, dole ta tsallake halin da yaron kanti ya tsinci kansa, domin yanzu ɓacewar saƙo ɗaya ce daga cikin hanyoyin da lissafin ya sani. In ba a sa shi ba, mutum na iya kawo hujja mai shafi ɗari, kowane layi a cikinta sahihi, amma a kan wata duniya da ba tamu ba.

Wani zai ce duk wannan aikin malaman jami'a ne. Tarihi bai goyi bayansa ba. Yaren Standard ML ya samu cikakkiyar ma'ana ta lissafi a 1990 daga hannun Robin Milner da Mads Tofte da Robert Harper. A Faransa, Xavier Leroy na cibiyar INRIA ya jagoranci gina CompCert, tafintar yaren C da aka tabbatar da hujja cewa ba ta sauya ma'anar shirin da aka ba ta. A 2011 wasu masu bincike a Jami'ar Utah ta Amurka suka yi ta jefa wa tafintocin C shirye-shiryen da na'ura ke ƙagowa barkatai, suka tono kurakurai sama da 300, galibi a GCC da LLVM, manyan tafintoci biyu waɗanda duniya ke dogaro da su. A ɓangaren CompCert da hujja ta rufe kuwa ba su samu irin waɗannan kurakuran ba. Ta ɗaya gefen, yaren Java ya fito da bayanin yadda ayyuka masu gudana tare ke ganin rubutun juna a ma'adana, wato inda na'ura ke riƙe bayanan da take aiki da su, aka yi shekaru ana aiki da shi, sai William Pugh ya nuna bayanin na da ramuka: yana hana abin da tafintoci ke yi kullum, yana kuma halatta abin da babu mai so. Sai a 2004 aka sake shi. Wannan fa duk a cikin na'ura ɗaya ne.

Da na'urori suka yi yawa, abu na farko da ke kuɓucewa shi ne agogo. Babu agogo ɗaya da kowa ke kallo, kuma na kowace na'ura na ɗan zamewa. Lamport ya nuna a 1978 cewa abin da kawai za a iya rantsewa a kai shi ne: aika saƙo na gaba da karɓarsa, kuma abin da na'ura ɗaya ta yi, a jere ta yi shi. Abubuwa biyu da babu sarƙar saƙo tsakaninsu, ba a cewa wannan ya riga wancan. Abu na biyu shi ne yawan hanyoyin da ayyuka ke iya saƙuwa da juna. Ma'aikata biyu, kowanne da taki 10, ana iya jera takunsu ta hanya 184,756. In suka zama uku, adadin ya haura tiriliyan 5. Gwaji irin na a kunna a gani ba zai taɓa zagaye wannan daji ba, kuma kuskuren na iya kwanciya a hanya ɗaya tak. Asusu na da jaka ɗari. Wakili a Zango ya duba, ya ga ɗari. Kafin ya rubuta, wakili a Magarya shi ma ya duba, ya ga ɗari. Kowa ya fitar da saba'in, kowa ya rubuta saura talatin. An fitar da ɗari da arba'in daga asusun ɗari, kuma ko ɗayansu bai saɓa umarnin da aka ba shi ba.

Akwai kuma iyakokin da lissafi ya riga ya kafa, waɗanda ba dabarar da za ta tsallake su. A 1985 Michael Fischer da Nancy Lynch da Michael Paterson suka tabbatar cewa in babu iyaka ga jinkirin saƙo, kuma ko da na'ura ɗaya ce ke iya mutuwa, to babu wani tsayayyen tsari da zai ba da tabbacin cewa sauran za su cimma matsaya ɗaya a kowane hali. Dalilin shi ne wanda muka gani a kanti: ba a bambance wanda ya mutu da wanda ya makara. Sai kuma abin da Eric Brewer ya gabatar a 2000, Seth Gilbert da Nancy Lynch suka tabbatar a 2002: ranar da sadarwa ta tsinke gida biyu, ko dai ka ci gaba da amsa wa mutane da sanin cewa littattafan ɓangarorin biyu na iya saɓawa, ko ka dakatar da su har a haɗe. Ba a cin biyun a rana ɗaya. A watan Maris na 2024, da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, kamfanoni da bankuna a ƙasashe da dama sun fuskanci wannan zaɓin ido da ido, ko sun shirya masa ko ba su shirya ba.

To a nan ne mai ƙera yare ke gamuwa da jarrabawa, kuma da yawa sun faɗi. Abin da ke jan hankali shi ne a ɓoye wahalar. A sa kiran wata na'ura da ke Yamai ya yi kama da kiran wani ɓangare na shirin da ke cikin na'urarka, layi ɗaya, ba bambanci. Andrew Birrell da Bruce Nelson sun bayyana yadda ake gina irin wannan kira a 1984, kuma dabara ce mai amfani. Amma a 1994 Jim Waldo da abokan aikinsa a kamfanin Sun suka ja kunne cewa kiran nesa da na kusa ba za su taɓa zama abu ɗaya ba, saboda jinkiri da kuma mutuwar wani sashe alhali sauran na raye. Ina tare da su ɗari bisa ɗari. Yaren da ya lulluɓe wannan bambanci bai rage wa mai shiri nauyi ba, ya dai ɗauke nauyin daga teburinsa ya aza a kan yaron kanti da dattijon da ke zaune a benci.

Waɗanda suka tunkari abin gaba da gaba sun fara ne da mayar da saƙo ginshiƙin lissafin. Carl Hewitt a 1973 ya kawo tunanin ƴan aiki masu cin gashin kansu, kowanne da akwatin saƙonsa. Hoare ya fito da CSP a 1978, Milner ya fito da CCS a 1980, hanyoyi biyu na rubuta yadda ƴan aiki ke musayar saƙo. Daga CSP aka samu yaren occam, kuma kafofin saƙo na yaren Go, wanda ya fito a 2009, daga can suka samo asali. Sai dai a CSP da CCS na farko, tun kafin a fara aiki an san wa ke magana da wa, an ja wayoyin an ɗaure. Tsarin zamani kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Salula na shiga, na fita. Caji ya ƙare, kuran ya ɗauke, an kunna janareto, na'urar ta dawo da sabon adireshi. Ana ƙara uwar garke da rana, a rage da dare.

Milner da Joachim Parrow da David Walker ne suka warware wannan ƙulli da lissafin da suka kira pi, wanda aka buga a 1992. Dabarar ɗaya ce, kuma ƙarama: sunan kafar sadarwa shi ma kaya ne da ake iya aikawa cikin saƙo. Kamar ɗan kamasho ne a tasha: ba ka san direban motar Kano ba, shi ka sani, sai ya ba ka lambar direban, daga nan kai da direba kuke magana, shi ya fita daga tsakani. Da wannan kaɗai, taswirar wa ya san wa na sauyawa yayin da aiki ke tafiya, kuma lissafin na biye da ita taki bayan taki. Misalin da Milner kansa ya fi so shi ne wayar da ke cikin mota mai tafiya. Ka taso daga Damagaram ka nufi Mirya kana magana, eriyar da ke riƙe da kai ta fara nisa, cibiya ta aiko maka da sunan kafar eriya ta gaba, ka saki tsohuwa ka kama sabuwa, maganar ba ta yanke ba. Lissafin pi ya kuma zo da hanyar ƙirƙirar sabon suna wanda babu wanda ya san shi sai wanda aka ba, abin da daga baya ya zama tushen nazarin tsare-tsaren sirri.

Amma kyan lissafi a takarda daban, gina shi a kan wayoyi na gaske daban. A lissafin pi na asali, mai aikawa da mai karɓa na haɗuwa ne a taki ɗaya, lokaci guda, kuma ɗan aiki na iya cewa: ko in aika ta nan, ko in karɓa ta can, duk wanda ya fara samuwa. Tsakanin na'urori biyu masu nisa, wannan "lokaci guda" shi ne ainihin matsayar da aka ce tana da wuyar samu. Wato yaren ya ɗauki abu mafi tsada ya mai da shi kamar kyauta. Kohei Honda da Mario Tokoro a 1991, da Gérard Boudol a 1992, suka fitar da nau'in da mai aikawa ke sakin saƙo ya wuce, ba ya jira. Catuscia Palamidessi ta tabbatar a 1997 cewa bambancin na gaske ne, wancan zaɓi mai haɗa aikawa da karɓa ya fi ƙarfin abin da nau'in marar jira ke iya kwaikwayo bisa sharuɗɗa masu ma'ana. A INRIA kuma Cédric Fournet da Georges Gonthier suka kawo lissafin join a 1996, inda kowace kafa ke da mazauni ɗaya sananne, duk saƙonta can yake zuwa, can ake yanke hukunci. Wannan darasi ne da nake ganin ya fi kowanne daraja ga mai ƙera yare: duk abin da ka ba mai shiri a matsayin taki ɗaya, ka tabbata na'ura ɗaya na iya aikata shi ita kaɗai, ba tare da shawara da kowa ba. Luca Cardelli da Andrew Gordon sun ƙara batun iyakoki a 1998, inda shiri ke shiga wani yanki ko ya fita da izini.

Ta ɗaya ƙofar kuma injiniyoyi ne suka shigo, ba masu lissafi ba. A 1986, a kamfanin Ericsson na Suwidin, Joe Armstrong da Robert Virding da Mike Williams suka soma Erlang domin na'urorin haɗa kiran tarho, waɗanda ba a yarda su tsaya ba. Ƴan aiki a Erlang ba sa tarayya a ma'adana, saƙo kawai suke musaya. In ɗaya ya ci karo da abin da bai gane ba, ba ya ƙoƙarin faci, mutuwa yake yi, wani mai sa ido a kansa ya samu labari ya tada sabo daga tsaftataccen hali. An saki yaren ga kowa a 1998, kuma da shi aka gina uwar garken WhatsApp da ke cikin aljihun kusan kowa a garin nan. Abin da ya fi burge ni a Erlang shi ne ƙarancin alkawarinsa. Ya ce saƙonni daga wannan ɗan aiki zuwa wancan, in sun isa, a jeren da aka aika su za su isa. Bai ce dole su isa ba. In kana sa ido a kan ɗan aikin da ke wata na'ura sai sadarwa ta yanke, sanarwar da za ta zo maka cewa take yi haɗin ya katse, ba ta ce maka ya mutu ba, domin ba ta sani ba. Rauninsa shi ne ma'anarsa ta lissafi daga baya masu bincike suka bi suna rubutawa, bayan yaren ya riga ya girma.

Wani reshen ya mayar da hankali kan zancen kansa. Honda ya gabatar a 1993 cewa kamar yadda tafinta ke ƙin shirin da ya tara lamba da rubutu, haka za ta iya ƙin shirin da ya saɓa tsarin tattaunawa. A rubuta: wakili zai aika lambar shaida, uwar garke za ta ce ko "ga adadi" ko "babu", in ta ce ga adadi wakili zai tabbatar, sannan a rufe. Duk ɓangaren da ya tsallake taki, ko ya zauna jiran abin da ba za a taɓa aiko masa ba, tun kafin a kunna shi za a kama shi. A 2008 Honda da Nobuko Yoshida da Marco Carbone suka faɗaɗa wannan zuwa ɓangarori da yawa, ta yadda za a kauce wa cirko-cirko, inda kowa ke jiran kowa. Aiki ne mai kyau ƙwarai. Sai dai nau'o'insa na farko sun ɗauka kowa zai rayu har ƙarshen zance kuma kowane saƙo zai isa, shi ya sa aka yi ta aikin shigar da mutuwa da wa'adin jira cikinsu daga baya.

Me ake samu in an yi wannan wahala? A 1978 Roger Needham da Michael Schroeder suka wallafa wata hanyar da ɓangarori biyu za su tabbatar da juna ta amfani da makullan sirri. Gundarinta saƙo uku ne kacal. Shekara 17 masana na karanta ta. A 1995 Gavin Lowe a Oxford ya nuna yadda mugu zai shiga tsakani ya yi sojan gona, sannan ya rubuta tsarin da CSP ya sa na'ura ta bi hanyoyinsa ta tabbatar da harin da kuma gyaran. Gyaran kuwa suna ɗaya ne da aka ƙara a saƙo na biyu. Chord, wani shahararren tsari na 2001 da ke jera na'urori a zobe suna shiga suna fita, an yi shekaru ana koyar da shi a matsayin wanda aka tabbatar, sai Pamela Zave ta rubuta shi da Alloy, yaren bayyana tsari domin na'ura ta bincika shi, ta nuna a 2012 cewa wasu jerin shiga da fita na iya karya zoben ya kasa gyaruwa. Injiniyoyin Amazon kuma sun ba da labari a 2015 cewa da yaren TLA+ na Lamport, shi ma na bayyana tsari, suka gano wani kuskure a ma'adanar bayanansu ta DynamoDB wanda sai an bi taki 35 a wani jeri na musamman kafin ya bayyana, bayan ya tsallake bita da gwaje-gwaje masu yawa. A Paris, layin jirgin ƙasa na 14 marar direba, da aka buɗe a 1998, an gina manhajar tsaronsa da hanyar B ta Jean-Raymond Abrial, wadda ake gina manhaja da ita tare da hujjar lissafi.

Duk da haka kada a ɗauki hujja a matsayin laya. Hujja na magana ne a kan abin da aka rubuta a ƙa'idoji. In ƙa'idar ta ce saƙo na ɓacewa amma ba ta ce yana iya zuwa sau biyu ba, ko ta ce na'ura na mutuwa amma ba ta ce tana iya farfaɗowa da tsohon bayani a cikinta ba, to ranar da hakan ya faru hujjar ba ta san zancen ba. Shi ya sa in aka miƙo mini bayanin sabon yare, ba daga misalan shirye-shirye nake farawa ba. Shafin da ya lissafa irin ɓarnar da aka yarda tana iya faruwa nake nema, in gwada shi da ranar Talata ta yau da kullum a Tanut ko Gure.

Domin abin da masu ƙera yare a wasu ƙasashe ke ɗauka a matsayin tsautsayi na lokaci lokaci, a nan shi ne zaman yau da gobe. Yaren da zai yi mana aiki sai ya ɗauki rashin rezo a matsayin hali na asali, samuwarsa kuma ƙari. Kuma ilimin yin haka yana nan. Marc Shapiro da abokan aikinsa sun tsara a 2011 nau'o'in bayanai da kowane ɓangare ke iya sauyawa shi kaɗai, in an haɗu kuma su daidaita ba gardama. A ɗauki ƙidayar yaran da aka yi wa rigakafi. Likitar Tanut na da gurbinta, ta Gure na da nata, ta Matamaye na da nata, kowa gurbinsa kaɗai yake ƙarawa. In na'urori biyu suka gamu, a kowane gurbi sai a ɗauki adadin da ya fi girma, jimilla kuma a tara gurabun. Ko saƙo ya zo sau uku, ko na jiya ya iso bayan na yau, sakamakon ɗaya ne. Amma ragowar kuɗi a asusu, ko ragowar allurai a sito, ba ya shiga wannan sahu, domin akwai sharaɗin kada ya gaza sifiri, kuma wannan sharaɗin ba a kiyaye shi sai da shawara. Joseph Hellerstein na Berkeley ya zana wannan iyaka a 2010: lissafin da sabon labari ke ƙara masa kawai, ba ya rushe abin da aka riga aka yanke, shi ne ke iya tafiya ba tare da jiran kowa ba. Yaren Bloom da suka gina na nuna wa mai shiri wuraren da shirinsa ya tsallaka iyakar. Akwai kuma tsaka-tsaki, dabarar da ta samo asali daga aikin Patrick O'Neil na 1986: a raba abin tun da wuri, kowane wakili a ba shi kasonsa, ya yi ta fitarwa daga ciki ba tare da tambaya ba, sai kason ya ƙare ya nemi cibiya.

Yare nagari zai sa waɗannan bambance-bambance a cikin nau'in bayanin kansa, ta yadda tafinta za ta ƙi shirin da ya taɓa ragowar asusu alhali ba haɗi. Zai tilasta kowane kiran nesa ya zo da amsa uku, an yi, ba a yi ba, ba a sani ba, kuma shirin da bai tanadi ta ukun ba kada ya wuce. Zai sa kowace buƙata ta ɗauki lambar shaida tata ta kanta, uwar garke ta riƙa tuna lambobin da ta riga ta biya, ta yadda sake dannawa ba zai taɓa zama sake fitarwa ba. Ɗalibin lissafi ko na kwamfuta a Jami'ar André Salifou na iya soma wannan da takarda da biro, kayan aikin kuma, TLA+ da Alloy da Erlang da Rocq mai duba hujjojin lissafi, wanda a da ake kira Coq, duk kyauta ake sauke su.

Saura abu ɗaya da ke sauyawa wanda ba a cika lissafa shi ba, wato manhajar ita kanta. Tsarin da ke da wakilai daga Damagaram har Bilma ba a kashe shi gaba ɗaya a sabunta. Za a yi makonni wasu na kan sabon zubin manhajar, wasu na kan tsoho, wata salular ma tana ƙauyen da sai ranar kasuwa take ganin rezo. Erlang ya yanke nasa hukuncin a fili: zubi biyu na kowane sashe na iya zama tare a na'ura, sabo da tsoho, in aka ɗora na uku sai a share mafi tsufa, duk ɗan aikin da ke maƙale a cikinsa kuma a kashe shi. Wannan a cikin na'ura ɗaya ke nan. Tsakanin na'urori kuwa, ma'anar yaren ce ya kamata ta faɗi abin da tsohon zubi zai yi in sabon ya aiko masa da saƙo mai ɗauke da gurbin da bai sani ba: ya yi watsi da gurbin ya ci gaba, ya ƙi saƙon duka, ko ya ajiye shi har ya sabunta. In gurbin na ado ne, watsi da shi ba komai. In kuwa gurbin cewa yake yi kada a biya sai an ga katin shaida, to tsohon zubin da ya tsallake shi ya biya wanda bai kamata ba. Saboda haka dole yaren ya ba mai shiri hanyar yi wa kowane sabon gurbi alama, wannan ana iya tsallake shi, wannan kuwa wanda bai gane shi ba ya tsaya, kuma a rubuta ƙa'idar tsayawar tun a zubi na farko, domin shi ne zai daɗe a hannun mutane bayan an fitar da na biyu da na uku.